Tabaran VR wajen tsara sabon gari: a nuna wa mutanen ƙauye kafin a aza tubali?

Nura Mai Taswira: Assalamu alaikum 'yan uwa da iyayenmu na wannan zaure. Shawara nake nema. Garinmu yana cikin kwarin kogin Haɗeja, kuma unguwanni biyu da ke gangare ruwa ya ci su a 2020, ya sake cin su a 2022. Yanzu dattawa sun yarda a koma kan tudu, an kuma samu fili. An ce mu 'yan boko mu kawo zane. Abin da nake so shi ne kada mu jera gidaje kawai. A yi garin da zai riƙe kansa: ruwan sama ya samu inda zai taru a yi lambu da shi, kashin dabbobi ya koma gona, a bar wa itatuwa wuri, rijiyar burtsatse ta yi aiki da sola. Matsalar ita ce in ka shimfiɗa zanen takarda gaban dattijo, kai kawai zai gyaɗa. Shi ya sa nake tunanin mu gina garin cikin kwamfuta, mu ari tabaran VR, kowa ya sa a ido ya ga kansa tsaye a ƙofar gidan da za a gina masa, ya waiga dama da hagu, ya ce a gyara nan, a rage can. Akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan?

Sadik 3D: Wa alaikumus salam. Yaya Nura, abin mai yiwuwa ne, kuma bai kai tsadar da mutane ke zato ba. Tabaran Meta Quest 3S da ya fito a 2024 dala 299 aka sa masa, kuma ba ya buƙatar a jona shi da kwamfuta. Taswirar filin za ka haɗa ta a manhajar QGIS, gidajen ka zana a manhajar Blender, duka biyun kyauta ne. Abin da zai ba ka wahala batir ne, awa biyu da ɗan wani abu yake yi, sai ka tanadi abin caji. Sannan wasu in sun sa jiri yake ɗibarsu, musamman in hoton yana tafiya su suna tsaye. Ka zaunar da tsofaffi a kujera, kada ka wuce musu 'yan mintoci.

Baba Magini: Ɗana Nura, Allah ya yi albarka. Tambaya ɗaya gare ni. Wannan tabarau, in mutum ya shiga ɗakin kwano a cikinsa, zai ji zafin watan Afrilu?

Sadik 3D: A'a Baba, ido kawai ne da kunne.

Baba Magini: To ka ji. Duk wanda ka nuna wa ɗakin bulo da kwano mai sheƙi kusa da ɗakin ƙasa, na bulo zai zaɓa, don a ido ya fi kyau. Sai bazara ta shigo ya kwashe tabarmarsa ya koma tsakar gida. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta sako shi sai dare ya yi, shi ya sa soron azara yake da sanyi da azahar. Wannan ba a ganinsa, jinsa ake yi a jiki. Haka kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ruwa ke duka, shi ake ƙara wa yaɓe da makuba, kuma ba a cika buɗe masa babbar taga ba. Na'urar taku ta san wannan?

Nura Mai Taswira: Baba, ba ta sani ba sai an gaya mata. Shi ya sa nake so ku kasance a wurin.

Injiniya Hadiza: Ni inda nake jin tsoro daban ne, kuma ya fi na Baba haɗari. Nura, da wane awo za ka gina ƙasar da garin zai zauna a kai? In bayanan tudu da kwari na kyauta za ka sauko da su daga intanet, irin na SRTM da aka auna daga sama a shekarar 2000, kowane ɗigo ɗaya yana wakiltar fili mai faɗin mita 30, kuma kuskurensa a tsayi yana kai mita da dama. A ƙasar Haɗeja kuwa, shimfiɗaɗɗiya ce, bambancin rabin mita shi ke raba gidan da ruwa zai shiga da wanda zai tsira. Ka ga kenan za ka iya nuna wa mutane ambaliya a tabarau tana bi ta yamma ta wuce, su yi murna, ranar da ta zo ta bi ta tsakiyar unguwa. Kuma don sun gani da idonsu, sun fi yarda da shi fiye da in takarda ce. Mu da muke cewa gani ya kori ji, to nan ganin ne zai iya yin ƙarya.

Abin da ya kamata: a samu safiyo ya auna filin da kayan aikinsa, ko a tashi jirgi marar matuƙi ya ɗauki hotuna a haɗa su, wannan yana sauko da kuskure zuwa 'yan santimita in an kafa alamomi a ƙasa. Amma shi ma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro, kada ka tashe shi haka kawai a kama ka. Sannan ku bi tsofaffin gine-gine da itatuwa ku auna tabon da ruwan 2022 ya bari. Wannan tabon ya fi duk wani lissafin kwamfuta gaskiya.

Mai Shayin Zaure: Ni dai in za a raba tabarau a sa sunana.

Malam Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ku bari in ba ku labarin abin da ya faru nan wajenmu, don shi ne farfaɗo da ƙasa mafi girma da na sani, kuma babu tabarau cikinsa. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itace nan Maraɗi, dashen yana ta mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara wajen sassabe, tohon kututturan tsoffin itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. In ka bar reshe kaɗan masu ƙarfi, ka sassabe sauran, ka kare su daga dabba da gatari, cikin 'yan shekaru itace ya tashi. Shi muke kira sassaben zamani. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin da ya yaɗa shi, manomi ya je gonar maƙwabcinsa ya ga geron da ke gindin gawo ya fi na fili. Gawo kuwa kun sani, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki. A Ɗan Saga ta ƙasar Agiye har kwamiti suka kafa mai tsaron itatuwan.

To ni a ganina, kuɗin tabaran nan ku ɗauki mota ku kawo manomanku goma su gani.

Nura Mai Taswira: Malam, na gode ƙwarai. Amma ai nan ne nake ganin amfaninsa. Matashin da za ka ce wa ya bar fili a tsakiyar unguwa don gawo da kuka, shi fuloti yake gani ana asararsa. In ya sa tabarau ya ga wurin bayan shekara 15, inuwa ta rufe, awaki suna cin 'ya'yan gawo, ba zai fi saurin yarda ba?

Malam Isuhu Maraɗi: Zai yarda a ranar. Amma abin da ya sa itace ya tsaya a nan, manomi ya tabbata cewa itacen da ya kula da shi nasa ne, ba ma'aikacin gandun daji da zai zo ya ci shi tara don ya sare reshe. Lokacin da ake ɗaukar itace na gwamnati ne, kowa sarewa yake da dare. In ba ku fayyace wa ke da itacen da ke filin unguwa ba, wa ke da ikon sassabe shi, wa zai kwashi 'ya'yansa, to a tabarau kawai zai girma.

Sadik 3D: Malam, kada mu mai da abin kamar sabon abu ne da ba a gwada ba. Tun 2012 UN-Habitat, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a, ta haɗa kai da kamfanin Mojang mai wasan kwamfuta na Minecraft, suka fara shirin Block by Block. Ana gina unguwa cikin wasan, a tara mazauna, yara da mata da masu sana'a, kowa ya sa abin da yake so, fitila nan, benci can, sannan masu zane su ɗauka su mayar da shi aikin gaske. A Kibera ta Nairobi aka fara, daga baya aka kai ƙasashe da yawa. Mutumin da bai taɓa buɗe baki a taro ba, in ka ba shi linzamin kwamfuta sai ka ga yana gini.

Injiniya Hadiza: Gaskiya ne Sadik, amma lura da bambancin. A can su mutanen ne ke ginawa da hannunsu, kuma kowa yana kallon allo ɗaya. A shirin Nura an riga an gina, mutum ɗaya ne ke ciki, sauran suna kallon ƙeyarsa. Sannan Minecraft tubala ne gwaɓa-gwaɓa, kowa ya san ba na gaske ba ne, ba ya jin nauyin rushewa. Hoton da ya yi kyau sosai kuwa bakin mutum yake rufewa. Wane dattijo ne zai ga gari fes da fenti da fitilu ya ce bai yi ba? Kunya ma ba za ta bar shi ba.

Lauya Kabiru: Wannan magana ta Injiniya ita ce. Ku duba ReGen Villages, kamfanin da James Ehrlich ya kafa. A 2016 suka fito da hotunan ƙauyen da zai ciyar da kansa, ya samar da wutarsa, ya mai da shararsa taki da abincin kifi, za a fara a Almere ta ƙasar Holan. Hotunan sun zaga duniya, har yau ana tura su. Abin da ya riƙe su shekara da shekaru fili ne da izini da kuɗi. Holan kenan fa.

Kai Nura, filin da ka ce an samu, wa ya bayar? Da baki ko a rubuce? Ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama a kansa, kuma in akwai amfanin gona ko itatuwan wani a wurin, akwai maganar diyya. Tudun da ruwa ba ya kaiwa a irin wannan yanki ba ya rasa mai shi. Ranar da ka nuna wa mutum ɗakinsa a tabarau, a zuciyarsa ya mallaka. In daga baya magada suka taso, kai za a riƙe.

Nura Mai Taswira: Barista, dagaci ne ya yi magana da masu gonakin, hakimi ya sani. Takarda dai ana kai.

Lauya Kabiru: To a gama kaiwa tukuna.

Buba Ɗan Arɗo: Ina da tambaya, kuma ba da faɗa nake yi ba. Tudun nan, da damina ina shanu ke kwana? Don a duk inda na sani a bakin fadama, in ruwa ya cika kwari, kan irin wannan tudun muke hawa. Ina kuma burtalin da ke sauka mashaya? A zanen 'yan boko burtali yakan fito kamar fili ne da ba kowa, don ranar da aka ɗauki hoton ba shanu a kai. Sai a dasa makaranta a tsakiyarsa. Shekara ta zagayo garke ya zo ya tarar da katanga, ya ratsa ta gonar wani, daga nan kun san sauran.

Ku nemi labarin abin da Hindou Oumarou Ibrahim ta yi a Bayibokum ta kudancin Chadi a 2012. 'Yar Mbororo ce. Ta tara makiyaya da manoma, aka yanka kwalaye aka jera su hawa-hawa har suka fitar da siffar ƙasar, tudu da kwari da kogi. Kowa ya zo ya sa alamar abin da ya sani, hanyar shanu, mashaya, gona, dajin da ba a taɓawa. Maza suka gama, mata suka zo suka ƙara inda ake samun ganyen magani da abinci da ruwa a tsakiyar rani. Jama'a da yawa suna tsaye kan abu ɗaya, in wani ya sa alama ba daidai ba nan take za a ce masa a'a. Wannan ba ya cin batir.

Maman Walida: Tun ɗazu nake jira wani ya ambaci mata, sai da Buba ya zo. Allah ya saka. Malam Nura, ranar da za ka kai tabaran nan, a ƙofar gidan dagaci za a yi, ko ba haka ba? Maza za su cika wurin, samari su yi layi, matan da ke kulle ba wadda za ta fito ta tsaya gaban jama'a an rufe mata ido tana lalube. Alhali mu ne muke wuni a gidan. Namiji ya fita tun safe. Ni ce na san in murhu yana yamma da ɗakuna hayaƙi zai dame mu ko ba zai dame mu ba, na san nisan da yarinya za ta iya ɗauko jarka, na san inda za a ɗaure awaki ba su shiga rumbu ba.

Amma ni ban ƙi tabaran ba, kada a ce na bi bayan su Baba. Akwai abu ɗaya da na tabbata zai yi wanda takarda ba ta yi. In mace ta tsaya a tsakar gidan, za ta gane nan take ko katangar ta yi gajarta, ko wanda ke kan hanya yana hango ta, ko daga zaure ana ganin ƙofar ɗakinta, ko gado da kwalla za su shiga ɗakin. In ka ce mini ɗaki ƙafa goma sha biyu ne, ban san me ka ce ba. In na tsaya ciki na sani. Sai dai ku ba mace ta shiga da shi gida-gida, bayan la'asar, ba namiji a wurin.

Injiniya Hadiza: Maman Walida ta faɗi iyakar inda yake da amfani, kuma na sa hannu. Girman ɗaki, tsayin katanga, abin da ido ke hangowa daga ina. Waɗannan ya iya su fiye da komai.

Baba Magini: Hajiya ta yi gaskiya kan zaure. Ko a Ngarannam ta ƙaramar hukumar Mafa a Borno, garin da aka sake ginawa bayan Boko Haram sun rusa shi, mutane suka koma a 2022, mai zanen, Tosin Oshinowo, 'yar Legas ce, amma sai da ta zauna da mutanen, kuma gidajen sun fito da zaurensu. Tambaya ta yi aka gaya mata. Ni kuma yadda muka gada, kafin a haƙa tushe sai an zana gidan a ƙasa da toka, mai gida da iyalinsa su shiga su taka, su ce nan ya matse. In kana son tsayin katanga, kafa sanda ka ɗaura zana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka bar shi ya shiga ɗakin.

Sadik 3D: Baba, toka ba za ta nuna maka unguwa guda ba, balle inuwar itace bayan shekaru.

Baba Magini: Ba za ta nuna ba. Ita kuma ba ta taɓa nuna abin da babu kuɗin yinsa ba.

Lauya Kabiru: Baba ya taɓo wani wuri. Duk abin da ba ya cikin kasafi kada ya shiga tabarau. In kuɗin da ke hannu na gidaje ne da rijiya ɗaya, kada a ga kwalta da fitilun titi da asibiti don a ƙawata hoto. Mutane za su ɗauka alkawari ne. Na kuma san halin 'yan siyasarmu, irin wannan hoton in ya faɗa hannunsu a allon kamfe za ka gan shi.

Tarihin tayar da gari ma ba daɗi gare shi ba. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tashi mutum sama da 40,000, aka gina musu Sabuwar Busa da ƙauyuka da zanen da hukuma ta yi musu. A Masar, Hassan Fathy ya zana Sabuwar Gurna kusa da Luksor a shekarun 1940, ginin ƙasa mai kyau da har yau ɗaliban zane ke karantawa, amma yawancin mutanen suka ƙi komawa, don abincinsu yana tsohon wurin. Ku ma ku tambayi kanku, masuntan da ke cikin unguwannin nan biyu, daga tudun zuwa inda suke ɗaure jiragensu tafiyar nawa ce?

Nura Mai Taswira: Akwai 'yar tafiya, kuma su ne suka fi jan ƙafa. To ga yadda na tsara bayan duk abin da na ji. Takardar fili tukuna. Sannan awon safiyo da tabon ruwa. Sannan siffar ƙasar da kwali a makarantar firamare, a kira masunta da manoma da mutanen ruga, mata su samu ranarsu daban. Abin da aka amince a kai shi Sadik zai gina a kwamfuta, ba fenti, ba ado, gida iri biyu ko uku, a shiga da shi cikin gidaje. Na ƙarshe a zuba toka a filin a taka.

Sadik 3D: Ba fenti kuma? Yaya Nura, aikina za ka sa a raina.

Injiniya Hadiza: Launin ƙasa ya ishe ka. Nura, ƙara wannan cikin jerinka tun kafin a raba fuloti: tsakanin masai da rijiya kada ya gaza mita 30, kuma masan ya kasance ta gangare, rijiyar ta sama. A ƙasa mai yashi da ruwa kusa, in da hali a ƙara. In gidajen suka matsu, kowa ya haƙa masansa da rijiyarsa a tsakar gida, wannan tazarar ba za ta samu ba, shi ya sa gara rijiyar unguwa ɗaya a gefen sama. Ramin da za ku ɗebi ƙasar gini kuma ku zaɓi wurinsa da gangan, don shi zai zama kududdufinku. In ya faɗo inda ruwan unguwa ke gangarawa, kun samu wurin lambun rani. In aka bar kowa ya haƙa bayan gidansa, sauro kuka tara.

Baba Magini: Kuma masai kada ya fuskanci alƙibla, kada ya ba ta baya. Ku gaya wa yaron kwamfuta tun yanzu, kada liman ya sa tabarau ya fara cin karo da wannan.

Buba Ɗan Arɗo: Yaya Nura, ranar kwalin kada ku sa ta cikin damina, lokacin yawancin namu sun yi arewa da shanu. Ku bari sai bayan girbi in sun sauko cin kara. Ka turo mini sunan garin ta akwatin sirri, in tambayi Baffa wane arɗo ne ke riƙe da wannan yankin.